Inda suka juya fuskar Baba

Mun tashi daga Zariya da asubar Asabar, ni da ƙanen mahaifiyata, da gicciyen ƙarfe a cikin buhu. Inna ce ta aike mu. Shekara ashirin da biyu ke nan da Baba ya rasu a Illela, inda yake ba da magani a wani ƙaramin asibiti. Lokacin Inna tana gida goyon ciki, wayar rasuwar ba ta iso ba sai bayan kwana takwas. Musulmin unguwa ne suka binne shi, daga nan wasu dangi suka fara raɗe-raɗin wai ya bar Almasihu kafin ya mutu. Maganar nan ta ci Inna a rai duk shekarun nan. Yanzu da ciwo ya kwantar da ita ta ce in je in gano mata gaskiya, in kafa masa alama.

Fijo muka shiga, mu tara a motar mutum bakwai. Tun daga Funtuwa gero ya yi kai, ko'ina shar. A Gusau muka sha fura ta sule biyar, Kawu ya ce a zamaninsu da kuɗin nan har ƙwaryar za a ba ka. A kowane shinge sai an kwance buhuna, domin an rufe iyaka bana, duk mai nufar arewa da ƙarfe ɗan sumoga ne sai ya wanke kansa. Wani soja ya jujjuya gicciyen ya tambaye ni na wace mota ne. Ni da nake koyar da tauhidi a makarantar Littafi Mai Tsarki, sai ga ni ina yi masa bayanin gicciye.

Muka kwana Sakkwato, da safe muka bi ta Kware da Gwadabawa. Ban san Lahadi ce kasuwar Illela ba. A lokacin da mutanenmu suke cikin sujada a coci, ni ina kutsawa tsakanin raƙuma da shanu da Buzaye masu rawani, 'yan canji suna kaɗa mini sefa a fuska. An ce iyaka a rufe take, amma jakuna na ta fitowa daga jeji da kayan Ƙwanni ta tsallaken iyaka, ba mai ce musu kanzil.

Muka yi ta tambaya har aka kai mu zauren wani tsohon mahauci. Da na ambaci sunan Baba ya ƙura mini ido.

"Kai ɗan Malam Ishaya na? Likita? Zamna, zamna, ɗana."

Ya aika aka kira abokansa biyu. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, ba wanda ya yarda a yi maganar kabari sai da muka ci. Bayan sun yi azahar suka kai mu tsohuwar maƙabarta ta hanyar Araba. A nan kaina ya fara kwancewa. Mu mun saba da siminti da suna da aya. Su ba sa rubuta komai, tudun ƙasa ne da fasasshiyar tukunya, ruwan shekara biyu ya shafe. Ɗaya ya ce gindin aduwa ne, ɗaya ya ce an sare wannan aduwar tuni, na ukun ya nuna cikin gonar geron wani. Suka yi ta gardama, ni ina tsaye rungume da buhu kamar mai tallan da ba a taya ba.

Na daure na yi tambayar Inna. Tsohon mahaucin ya dube ni kamar na yi wauta.

"Ya musulunta? Mun so hakanan, ɗana, mun yi mai magana har munka gaji. Bai yarda ba. Shi ya sa munka sha wahala ranar."

Ya ce sun wanke shi, sun sa masa likkafani, domin babu gidan da bai shiga da allura ba. Da aka zo sa shi a rami sai aka tsaya cirko-cirko. Musulmi ana kwantar da shi ta gefen dama, fuska gabas. Wannan fa?

"Ba mu san alƙiblatai ba. Sai wani ya ce shi dai in ya gan shi shina addu'a, sama yaka duba. Sai munka kwantar da shi rigingine."

Salla ba su yi masa ba, don ba nasu ba ne. Addu'armu kuma ba su iya ba. Suka tsaya shiru gwargwadon tsawon sallar gawa, sannan suka tura ƙasa.

Na yi kuka a gonar mutane, ban ji kunya ba. Gicciyen ban kafa ba, don ban san kan wa zan kafa shi ba, Kawu ya karɓa ya saɓa a kafaɗa.

A hanyar dawowa na yi ta juya maganar a raina har Talatar Mafara. Na koyar da darasin maƙwabci, wanda ya taimaki mutumin da aka yar a bakin hanya, ya fi a ƙirga, kullum ina sa kaina a matsayin mai taimako. Ban taɓa shirya wa ranar da ubana ne zai zama na kwance, waɗanda nake gardamar addini da su kuma su ɗauke shi ba. Ban san me zan ce wa ɗalibaina ba, har yau ban sani ba. Abin da tafiyar ta koya mini bai wuce wannan ba.

Mun iso gida Litinin da la'asar. Na zauna bakin gadon Inna na faɗa mata komai, har da cewa ban gano kabarin ba. Wannan bai dame ta ba. Ta dubi rufin ɗaki ta ce:

"Ashe ba wanda ya yi masa addu'a."

Na ce babu.

"To me kake jira, malamin tauhidi? Ta da ni zaune. Ɗauko littafin addu'ar jana'iza, ka fara daga farko."