Ɗigon Waldar Baba

Ƙarar fashewar taya na fara ji, sai motarmu ta kife a hanyar Kabo, ƙofa ta danne mini ƙafa. Mutane suka taho da gatari za su sare ƙofar.

Nan na tuna marigayi Baba a garejinsa na Gwarzo, yana raba jikin tsohuwar Fijo, ni ina zagaye masa da alli ɗigon waldar da ke riƙe da ƙarfen, maƙwabta na gunagunin mace a gareji. Yakan ce, "Ba a yaga ƙarfe. Ɗigo-ɗigo ake bi."

Na ce, "Kada ku sara! Ku kawo guduma da cizal, ku bi ɗigon!"

Wani a cikinsu ya ce, "Yarinya, ke za ki koya mana?"

"Ƙafata ce, Malam."

Suka bi ɗigon har ƙofar ta rabu, aka kai ni asibiti. Da la'asar likita ya ce ƙafar ta tsira. Allah ya haskaka kabarinka, Baba.