Shaidar Da-Saura

Duk layin kafintoci babu wanda ya taɓa jin Da-Saura ya yabi aiki, nasa ko na wani. Ka kawo masa teburin da ka sha wuya a kansa, zai zagaya shi, ya shafa gefensa da tafin hannu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi kamar wanda ya yar da allura, sannan ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce, "Da saura." Daga nan sunan ya bi shi har na ainihin ya ɓace. Matarsa takan ce ko ruwan sanyi ta miƙa masa sai ya ce da sauran sanyi, kuma ita kanta ta tabbata har yau bai gama duba ta ba.

Ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Ya dai yi imani cewa yabo yana lalata hannu, haka wanda ya koya masa sana'a ya rene shi, shi kuma bai ga dalilin sakewa ba. Ƙofofin da ya kafa tun yana saurayi har yanzu suna rufuwa ba ƙara. Yaran da suka koyi aiki a hannunsa suna zaginsa a bayan ido, amma in za su yi wa kansu talla sai su ce a wurin Da-Saura suka koya.

'Ya'yansa mata ne duka, sai na ƙarshe ya zo namiji, kowa na kiransa Auta. A cikin dusar katako ya yi rarrafe. Kafin gemu ya fito masa, duk layin sun yarda hannunsa ya fi na uban laushi, ban da uban. Aibinsa ɗaya ne, gaggawa, kuma Da-Saura ya kama wannan aibin ya riƙe gam, safe da yamma. Da Auta ya gaji sai ya tattara zartonsa da gudumarsa ya koma karɓar aikin gine-gine shi kaɗai. Uwar ta ce kalma ɗaya tak yaron ya nema ya rasa. Da-Saura ya ce in ya cancanta zai ji ta.

Wani mai kanti ne ya ba Auta aikin bene na katako a cikin shago, inda za a riƙa jibge kaya. Mai kantin ya matsa lamba, ya riga ya sa ranar buɗewa, busasshen katako kuwa bai samu a kusa ba. Auta ya yi aikin da ɗanye. Benen ya ɗauki buhuna na ɗan lokaci, ranar nan ya rufto a kan wani ɗan dako da ke ƙarƙashi. Auta na kusa, da hannunsa ya tono mutumin ya kai shi asibiti, amma rai ya riga ya yi halinsa. Shari'a ta ja kamar ba za ta ƙare ba, Auta na tsare, daga ƙarshe kotu ta same shi da laifin sakacin da ya jawo asarar rai, ta ɗage zama zuwa ranar yanke hukunci.

Lauyan Auta ya zo har shagon Da-Saura ya zauna a kan benci ya yi wa tsohon bayani. Ya ce maganar laifi ta ƙare, ba a komawa kanta. Abin da ya rage shi ne awo: doka ta ba Mai Shari'a tazara, daga ɗauri kaɗan zuwa shekaru masu yawa, kuma kafin ta yanke za ta saurari roƙon sassauci. Laifinsa na farko ne, ya yi nadama, bai gudu ba. Ana bukatar wanda ya san shi ya tsaya ya faɗi alherinsa, kuma babu wanda kotu za ta ji kamar mutumin da yake ubansa kuma maigidansa a sana'a.

Akwai abin da lauyan bai sani ba. Idanun Da-Saura sun daɗe suna cin amanarsa, likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, gani ne ke tafiya a hankali kuma ba ya dawowa, magani sai dai ya rage masa sauri. Tuni ya koma awo da yatsa. In ɗaurin ya yi gajere, zai ga Auta ya shigo ƙofar gida da idonsa. In ya yi tsawo, sai dai ya ji muryarsa, in ma yana raye. Wannan tsoron ne ya hana shi sakat, kuma bai faɗa wa kowa ba sai matarsa.

Ita ta ɗauki nauyin koya masa abin da zai faɗa a kotu. Ta zaunar da shi bayan cin abinci ta ce ya ɗauka ita ce Mai Shari'a, ya faɗi halin ɗansa. Ya gyara murya ya ce yaro ne mai, sai ya tsaya. Ta ce mai me? Ya ce tana katse shi. Ta ce, "Malam, jaki ma in an matsa maka ka samo abin yabo a jikinsa, balle ɗan da ka haifa." Da ƙyar da jiɓin goshi suka haɗa 'yan jimloli, na ƙarshensu shi ne, hannunsa yana da kyau, ban taɓa koyar da kamarsa ba. Ya yi ta maimaita su a hanya kamar mai tsoron kada su zube.

Ɗakin kotun bai kai girman da yake zato ba. Bencina ne dogaye da suka sha zama, fanka ɗaya na juyi tana ƙara, magatakarda na ƙasa da kujerar Mai Shari'a yana jera fayiloli. Aka shigo da Auta aka cire masa ankwa aka tsayar da shi a cikin akwatin katako. Daga inda Da-Saura yake, farar rigar da uwar ta goge ta aika kawai yake iya gani, fuskar ta zama inuwa.

Matar ɗan dakon aka fara saurara. Ba ta yi kuka ba. Ta ce mijinta ya fita da safe ya ce a ajiye masa abincinsa, kuma ƙaramin ɗansu har yau in ya ji an taɓa ƙofa sai ya ruga. Ta zauna.

Aka kira Da-Saura, aka rantsar da shi cewa zai faɗi gaskiya tsantsarta. Ya dafa katakon wurin tsayuwar shaida, ya ji yana motsi, ƙusa ɗaya ta saki. Ko a nan hannunsa bai bar halinsa ba. Lauyan Auta ya bi da shi a hankali. Da-Saura ya ce yaron mai ladabi ne, ba ya shaye-shaye, bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba. Lauya ya gyaɗa kai, ya ce to a matsayinsa na wanda ya koya masa, yaya aikinsa yake?

Jimlar na nan a bakinsa, ya ji ta. Amma ga Auta tsaye yana saurare, ga jama'a, kuma shekara da shekaru harshensa bai taɓa bin wannan hanyar ba. Mai Shari'a ta ɗago kai tana jira.

"Ba laifi," in ji shi.

Da a layin kafintoci ya faɗi haka, da an rufe shaguna an zo kallo. A kotu kuwa ba laifi ba komai ba ne. Lauyan ya jira ko da ƙari, bai samu ba, ya zauna.

Sai lauyan gwamnati ya miƙe, matashi mai sanyin murya, ya gaishe shi da girmamawa. Ya tambaye shi ko ya koya wa ɗansa bambancin ɗanyen katako da busasshe. Da-Saura ya ce tun bai kai tsayin benci ba, da ƙwanƙwasawa ma yana ganewa. Har da ɗan alfahari ya faɗa, a zatonsa yabon ne ya samo ƙofar fita.

"Ke nan, Baba, ranar da ya ɗora benen nan ya san abin da ya ɗora?"

Da-Saura ya riga ya yi rantsuwa, kuma a kan katako bai taɓa yin ƙarya ba. "Ya sani."

"Ka taɓa ja masa kunne a kan gaggawa?"

Nan fa harshe ya samu hanyar da ya saba. Abin da ya gagara ɗazu a kan yabo ya zo a guje a kan aibi, ba tuntuɓe. Ya ce kullum, tun yana yaro, ya faɗa ya ƙara faɗa. "Na ce masa gaggawar nan wata rana sai ta kashe mutum." Sai da ya rufe baki ya ji ƙarar alƙalamin Mai Shari'a a kan takarda, ya ji kuma matarsa ta ja numfashi daga can baya.

Aka ba Auta dama ya yi magana. Ya nemi gafarar matar mamacin, ya ce ba shi da abin ƙarawa. Bayan ɗan hutu Mai Shari'a ta dawo ta karanta hukunci da murya ɗaya ba hawa ba sauka. Ta ce ta duba cewa laifin farko ne, ta duba nadamarsa da yadda ya tsaya a kan mamacin. Amma abin da ya fi nauyi a wurinta shi ne shaidar mahaifinsa, mutumin da ta ga ba ya ƙara gishiri a magana: wannan ba kuskuren jahili ba ne, gwani ne da ya sani, aka kuma gargaɗe shi tun yana yaro. Shekara bakwai a gidan yari, za a cire zaman da ya riga ya yi, yana da damar ɗaukaka ƙara. Aka ce kowa ya tashi, ta shige.

A ƙofar baya, kafin a sa Auta a mota, gandiroba ya yi musu alfarmar tsayawa kaɗan. Uwar ta riƙe hannun Auta da ankwar duka tana yi masa addu'a. Da-Saura ya matso har yana jin numfashinsa, yana ƙanƙance ido don ya kwashi fuskar ya ajiye, amma rana na bayan yaron, bai samu komai ba sai zagayen kai. Ya buɗe baki, Auta ya riga shi.

"Gaskiya ka faɗa, Baba. Ka riƙa ɗiga maganin idonka."

Da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Lauya ya ce za su ɗaukaka ƙara, sai dai abin da aka rubuta ya rubutu, ba a sake kiran shaida don ya gyara bakinsa. Matar Da-Saura kuwa ba ta taɓa tayar da maganar ba daga baya.

Da yamma ya buɗe shago don bai san inda zai sa kansa ba. Ya zauna a kujerarsa ta kullum, sai ya tuna Auta ne ya yi ta, aikinsa na farko shi kaɗai, wadda ya duba a lokacin ya ce ƙafa ɗaya ta gaza. Ya tashi ya kifa ta a kan benci. Ya bi ƙafafun da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya bi kowace mahaɗa, ya girgiza, ya danna, ya sake bi daga farko yana neman sauran. Shekarun nan duka a kanta yake zaune, ko motsi ba ta taɓa yi ba.

"Ta yi," in ji shi. "Wallahi ta yi."

Maƙwabcinsa na ta yanka katako, ƙarar zarto ta cika layin, babu wanda ya ji.