Kai Ɗaya da Ya Rage wa Mai Aski

Mai Aski bai rufe shagonsa don ya gaji ba. Hannunsa ne ya fara rawa, masu zuwa suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa, har ya wayi gari daga shi sai madubi. Ya kwaso almakasai da mataji ya dawo da su gida. Kai ɗaya ya rage masa a duniya, shi ma na kare ne, wani jibgege mai gashi buzu-buzu da ya tsinta yana ɗan kwikwiyo a bakin shagon. Kwastoma yake kiransa. Maƙwabta sun yi surutunsu har sun gaji.

Wankan Kwastoma kuwa ba abin wasa ba ne. Ruwa mai ɗumi, sai an taɓa da gwiwar hannu. A toshe kunne da auduga, a fara daga wutsiya a ƙare a wuya, fuska kuma da tsumma ake goge ta. In ya bushe a taje shi, a rage gashin da ke rufe masa ido, ana yi masa hirar da ake yi wa mutane a shago, ta tsadar kaya da ciwon baya. Karen ya lumshe ido ya miƙa wuya, shi kuwa tsoho ya ji har yanzu yana da amfani.

Ana haka sai autarsa da mijinta suka dawo gidan da zama, wai don su kula da shi. Mijin makaniki ne, mai fara'a da ladabi, irin mutumin da za ka nemi laifinsa ka rasa, abin ya ƙara ba ka haushi.

Wata rana ciwon baya ya riƙe Mai Aski, yana kwance, Kwastoma ya je ya yi birgima a kwata ya dawo yana wari. Makaniki ya naɗe wando ya jawo tiyo. Ruwan sanyi, daga ka, ba auduga ba komai, yana ta fito da baki kamar mai wankin mota. Tsoho ya lallaɓa ya leƙa ta taga, yana jiran ya ga an gantsara wa surukin nasa cizo. Ina! Karen tsalle yake yana cafkar ruwa da baki, wutsiya kamar za ta tsinke. Shi bai taɓa ganin Kwastoma yana wannan murna a hannunsa ba, kuma abin ya ci masa rai ƙwarai.

Daga ranar kishi ya kama shi, ba kaɗan ba. Ya shinshina karen ya ce yana warin baƙin mai. Ya ɓoye sabulun a ƙarƙashin katifa. Ya riƙa rage naman miyarsa yana miƙa wa Kwastoma a ɓoye, karen ya lamushe, amma da ya ji ƙarar babur ɗin Makaniki a ƙofa sai ya bar shi da hannu a miƙe ya ruga.

"Baba, wai kishi kake da mijina a kan kare?" in ji Auta, tana dariya.

Ya ce Allah ya kiyaye, shi dai ba ya son a lalata masa dabba ne. Ya juya mata baya.

Wanka dai ya haɗiye, tunda bayansa ba ya barinsa sunkuyo. Amma ran da Makaniki ya shigo da sabon injin aski a kwali, yana murna, ya ce ya sayo ne don a hutar da Baba, nan tsoho ya ji an taka shi. Aski? A gidansa, yana raye? Ya ce a mayar da injin kwalinsa. Ya ɗauko almakashinsa, ya zauna, ya kira Kwastoma tsakanin ƙafafunsa. Auta ta buɗe baki, mijinta ya girgiza mata kai.

Da farko abin ya tafi daidai, har yana satar kallon surukin ya ga ko yana gani. Da ya zo gefen kunne sai ya yi yadda ya saba yi wa mutane: ya kwantar da kunnen da yatsa, ya ce kada ka motsa. Mutum kan ji wannan, kare kuwa kunnensa ya kaɗa, hannun tsoho ya kuɓuce. Kwastoma ya yi ƙara, ya fizge, ya shige bayan ƙafafun Makaniki yana ɗigar da jini.

Makaniki ya durƙusa ya danna wurin da tsumma. Sai ma ya ce yankan ƙarami ne, Baba, kowa zai iya yi. Da zaginsa ya yi da ya fi wa tsoho sauƙi.

Kunnen ya warke. Wata rana da yamma Mai Aski ya zauna a tsakar gida ya miƙa hannu ya kira karensa. Kwastoma ya taso yana kaɗa wutsiya, ya zo rabin hanya ya tsaya, idonsa a kan hannun da ke rawa. Ya sake kira, karen bai matso ba. Sai da tsoho ya mayar da hannuwansa biyu baya ya ɓoye, sannan Kwastoma ya ƙaraso ya ɗora kai a cinyarsa. Haka suka zauna, bai iya shafa shi ba.