Gara a Ɗakin Baba

Shekara goma sha ɗaya Tela ta yi a shagonta na bakin titi. Ba ta yi suna a ɗinkin kayan ado ba, da bargo aka san ta. Takan tara ƙyallayen da sauran teloli ke zubarwa, ta yanka su kamar faɗin tafin hannu, ta harhaɗa, ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta bi da ɗinki layi-layi. Ranar da aka shafa wa shagunan layinsu jan fenti, aka ce nan da kwana uku za a rushe don faɗaɗa hanya, bargunan mutane huɗu ne a hannunta, ban da yadudduka.

Ɗaki ɗaya ne babu kowa a gidansu, na marigayi Baba, surukinta. Tun rasuwarsa shekara biyu da suka wuce matarsa, Mama, ta kulle shi, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Maigidan Tela direban babbar mota ne, yana hanya. Da ta kira shi, cewa ya yi ta san halin tsohuwarsa, ta dai lallaɓa.

Ta lallaɓa ɗin. Ta durƙusa ta yi bayani tiryan-tiryan, Mama na kallon bango kamar ba da ita ake ba. Sai da gwiwoyinta suka fara tsami sannan tsohuwar ta kwance makullin.

"Ki shiga da kayanki. Amma nasa, ko tsinke kada ya fita."

Washegari mai amalanke ya sauke kaya. Tela ta share, ta goge, ta kafa keken ɗinki ƙarƙashin taga inda haske ke sauka ta hagunta. Ta jera ƙusoshi a katako ta soke zaruruwa, farare a sama, masu duhu a ƙasa. Almakashi da tef ta rataye inda hannunta zai kai daga zaune. Maɓallai suka shiga gwangwanaye, ƙyallaye kuma kowane launi da buhunsa. Gadon Baba bai tsare mata komai ba, a kansa ma ta ɗora yaduddukan mutane.

Teburin yanka ne ya rasa wuri. Bango ɗaya ne zai ɗauke shi, nan kuwa akwatin katakon Baba yake. Ta ce a ranta matsarwa ai ba fitarwa ba ce. Tana turawa sai gindin akwatin ya burma, jar ƙasa ta zubo mata a ƙafa. Ta ɗaga murfin. Gara ce. Rigar da ke sama tana nan a ninke, amma da ta ɗaga ta sai ta rabe a hannunta. Ta bi layin ƙasar da ido, ta ga ya hau bango ya nufi ƙafar gado, inda kayan mutane suke.

Ta daɗe a tsugune. Tana iya mayar da akwatin ta rufa masa zane, Mama ba ta shigowa. Amma kafin wata guda garar za ta kai ga auduga. In kuma ta faɗa, wa zai yarda ba ita ta fasa ba, kwana ɗaya da ba ta makulli?

Ta iske Mama a tsakar gida tana tsefe kai.

"Mama, don Allah ki zo ki ga wani abu. Da bakina ba zan iya faɗa ba."

Mama ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi keken, ta dubi zaruruwan, sannan idonta ya sauka kan akwatin. Ta shiga. Ta sa hannu tana ciro riguna ɗaya bayan ɗaya, kowacce na zubewa. Tela ta fara rantsuwa cewa turawa kawai ta yi, tsohuwar ta ɗaga mata hannu. Hula ɗaya ce ta tsira, sai wata jaka ta roba mai takardu.

"Tun yaushe take ci?"

Tela ta ce da alama ta haura shekara.

"Ina nan zaune da makulli a ƙugu."

Mama da kanta ta kama gefe ɗaya na akwatin, suka ja shi bayan gida, ta ce a ba ta ashana. Ba ta bari kowa ya tsaya da ita ba.

Tela ta kankare bango, ta zuba magani, ta ɗora ƙafafun gado da na tebur kan bulo. Sati guda Mama ba ta amsa gaisuwarta da fiye da "lafiya", keken ma a hankali Tela ke taka shi. Barguna biyu suka makara, mai ɗaya ta karɓe kayanta ta kai wani wuri.

Da maigidan ya dawo ya leƙa ɗakin, ya tambayi akwatin. Tela ta buɗe baki, sai Mama ta riga ta daga tsakar gida, ta ce ita ta ƙone shi, ya zo ya ci abinci ya bar yarinya ta yi aikinta.