Rigar da Muka Sa Baba Ya Tuɓe

Ni na kawo shi gidanmu da kaina, shi ya sa har yau in abin ya faɗo mini a rai ban san wa zan fara zagi ba, shi ko ni.

Abokina ne tun muna kwalejin horon malamai. Ni na dawo Tudun Kaya ina koyarwa a firamare, shi kuwa ya yar da alli ya rataya kyamara, yana yi wa wata jarida aiki a Kano. Ba shi da zance sai na talaka. Jakarsa cike take da hotunan baƙaƙen fatar Amurka da ya yanko daga mujallu, ana sakar musu karnuka don sun nemi haƙƙinsu. Yakan ce manya ba sa jin kuka, amma suna jin kunyar hoto. Na yarda da shi, don ba ƙarya yake yi ba.

A shekarar farin nan ruwa ya ɗauke gero bai ko fid da kai ba. Shanun mahaifina suka zube ɗaya bayan ɗaya, rumbu ya koma ɗakin ɓeraye. Duk da haka kullum safiya Baba zai zauna a zaure da wankakkiyar riga, wanda duk ya gaishe shi ya amsa, "Lafiya lau, sai godiya." Inna kan ɗora tukunya da ruwa zalla don maƙwabta su ga hayaƙi. Rufin asirin nan shi kaɗai ya rage mana, kuma da shi Baba yake tsaye.

Sai ga abokina a kan babur, da kyamarori biyu a wuya. Wai manya a Kano sun ce babu yunwa a ƙasar Karaye, shi kuma fuska ɗaya yake nema ya ƙaryata su. Ni uban iya, na ce mu je gida.

Ba a taɓa ɗaukar Baba hoto ba. Da ya ji, ya shiga ya yi wanka, ya sa Inna ta fito masa da babbar rigarsa mai aska takwas daga adaka, ya naɗa rawani, ya zizara kwalli. Ya zauna a kujera ya ɗora hannuwa bisa gwiwa, yana ta danne murmushi. Abokina ya durƙusa ya danna, ƙyas.

Sannan ya ce, "Baba, ana zafi. Da an tuɓe rigar an sha iska, a ɗan nuna mini rumbun."

Baba ya dube ni. Ni ne ɗan fari, ba ya kama sunana.

"Malam, haka ake yi?"

"Haka ake yi, Baba."

Ya tuɓe. Daga shi sai 'yar shara yagaggiya, haƙarƙari a waje, ya tsaya jikin rumbun da aka buɗe wa baki. Abokina ya sauya kyamara ya yi ta dannawa.

Ba a yi wata ba hoton rumbun ya fito a shafin farko na jaridar. Ya zaga Karaye, ya kai kasuwar Rogo, har tsire aka naɗe wa wani ƙanen Inna a ciki. Mutanen da su ma ruwa zalla suke dafawa suka samu na nunawa da baki. Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu tausayi, masu aiko da kwano a rufe wai a ba tsoho.

Motar hatsi ta zo, ba zan ɓoye ba, kuma mutane sun ci sun rayu. Abokina ya aiko mini da wasiƙa yana ta yabon kansa. Baba dai bai shiga layi ba, bai kuma sake zama a zaure ba. Masallaci ma sai an kusa tayar da salla yake fita, ya tsaya a sahun baya. Bai taɓa ce mini uffan kan maganar ba, da ma zagina ya yi. Damina biyu ya ƙara Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in na tafi Kano na sami abokina a ofis. Hoton rumbun yana bango cikin gilashi. Na ce na farkon nake so, na rigar, Inna ce take tambaya.

Ya yi dariya. "Wai na rawanin? Ai waccan kyamarar ba fim a ciki. Na danna ne kawai don tsoho ya saki jiki."

Na tsaya ina kallonsa. Mutumin da ke yi mana wa'azin mutuncin talaka bai ga mahaifina ya cancanci fim ɗaya cikin mutuncinsa ba. Ban mare shi ba, don na tuna bakin wa ya ce haka ake yi. Tun ranar ban sake gaishe shi ba.

Jaridar tana nan a adaka, ƙarƙashin rigar. Ita ce kaɗai kamannin Baba da suka rage a duniya. In 'ya'yana suka tambaye ni yaya kakansu yake, rigar nake fito musu da ita.