Gwaggo Mai Kitso da Babin Shayarwa

Gwaggona, yayar mahaifina, mai kitso ce, kuma tun kafin ta buɗe littafin fiƙihu ko ɗaya ta riga ta naɗa kanta alƙaliya. Shagonta ɗan ƙaramin ɗaki ne a bakin titi, bango ɗaya da shagona na ɗinki. A ciki akwai madubi mai tsage a kusurwa, da benci, da fanka mai juyawa idan ta ga dama, sai wata 'yar kujera wadda duk matar da ta zauna a kanta sai ta amayar da abin da ke cikinta. Mace za ta shigo da niyyar kitso kawai, kafin a gama tsaga ta biyu sai ka ji, "Gwaggo, wai idan miji ya ce..." Shi ke nan, kotu ta zauna.

Duk unguwar Gwaggo ake ce mata, har da tsofaffin da suka girme ta. 'Ya'yanta uku ne kaɗai ke ce mata Umma, kuma dukansu maza ne: Babba, da Na Tsakiya, da Auta. Takan ce Allah ya ba ta hannun kitso, sannan ya ba ta kawuna uku da wanzami ke cin kuɗinsu. Da dariya take faɗa, amma ni na san abin yana mata ciwo.

A kotun Gwaggo babu "ban sani ba". Saki, idda, ciyarwa, wanda zai riƙe yara, komai tana da amsarsa, kuma amsar tare take zuwa da jan gashi. In kika nuna alamar gardama ta ƙara ja. Na ga mata sun amince da hukuncin da bai kwanta musu ba, don dai su tsira da gashin goshinsu.

Wata rana wata baƙuwa ta zo kitso, mace mai sanyin magana. Kanta na tsakanin gwiwoyin Gwaggo lokacin da Gwaggo ke yanke wa wata mata a kan benci hukunci cewa sakin da aka rubuto a waya ba saki ba ne, domin waya ba ta da baki. Baƙuwar ta bari aka gama, ta biya, ta ɗaura ɗankwali, ta kai bakin ƙofa inda hannu ba zai kai gare ta ba, sannan ta juyo.

"Gwaggo, maganar wayar nan tana da tsawo. Ina koyar da mata hukunce-hukuncen aure da yamma a makarantar bayan kasuwa. Ki zo mu duba tare."

Da ta fita Gwaggo ta ce, "Kun ga mai wayo? Ta san inda za ta tsaya."

Ta tafi makarantar ne da niyyar musu, kuma ta ja ni, domin idonta ya daina ganin ƙananan baƙaƙe. Ajin yara ne da ake ba mu aro bayan an tashi. Gwaggo ta cusa jikinta a bencin gaba, bencin ya yi ƙara, ta ce masa ya yi haƙuri. Musun bai yi nisa ba, karatun ya kama ta. Matsala ɗaya ce: duk hukuncin da Malama ta karanto, Gwaggo ta san mai shi.

"Idan miji ya yi tafiya aka daina jin labarinsa..."

"Ai wannan matar mai faci ce!"

"Gwaggo, ba ma kiran suna a nan."

"Ban kira suna ba, Malama, sana'a na kira."

Cikin 'yan watanni kotun ta canza. Gwaggo ta koyi cewa "akwai saɓanin malamai", kuma ta ƙaunaci kalmar fiye da kima. Masu kitso suka fara ƙorafi, wai da can mutum kan fita da amsa ko da ba daidai ba ce, yanzu sai ya fita da saɓani. Ranar da ta fara cewa, "Wannan ban sani ba, sai na tambayo," na bar keken ɗinkina na leƙo in ga ko lafiya.

A daidai lokacin ne kuma Auta ya kamu da ciwon kai. Shi mai gyaran firji da fanka ne, wanda ya gyara fankar kowa ban da ta uwarsa. Kullum sai ya tsallaka titi zuwa kantin magani, ya daɗe, ya dawo yana murmushi babu ko ƙwaya ɗaya a hannunsa. Yarinyar da ke sayar da magani a can, wadda muke kira Mai Magani, doguwa ce mai natsuwa, ba ta daɗe da dawowa unguwar ba. A nan aka haife ta. Mahaifiyarta ta rasu tana jaririya, mahaifinta direban babbar mota ne da ba ya zama, kakarta ce ta riƙe ta, daga baya suka tashi suka bar garin.

Gwaggo ta fi Auta murna. Wata rana muna shan shayi a shagona ta ba ni labari.

"Yarinyar nan ai na san ta tun ba ta san kanta ba. Ta ƙi madarar gwangwani ƙememe, tana kuka har muryarta ta dishe. Lokacin ina goyon Na Tsakiya, nono kuwa har ya yi mini yawa. Sai tsohuwar ta riƙa kawo mini ita, in shige bayan labule in ba ta. Daga ni sai tsohuwar muka sani, ita kuma Allah ya jiƙanta."

"To Gwaggo, ba matsala?"

"Wace matsala? Da Na Tsakiya suka sha, shi ne ɗan'uwanta, shi kuwa ga matarsa ga 'ya'yansa. Auta lokacin ko labarinsa babu."

Haka ta sani, haka uwarta ta sani, ni ma haka na ɗauka. Manya suka gana, aka sa rana. Mai Magani ta kawo mini yadinta, ruwan madara mai ƙananan furanni, na auna ta, na yanka.

Sai muka kai babin shayarwa. Malama ta zana da'ira a allo, ta ce wannan ita ce matar da ta shayar. Ta ja layuka ƙasa, ta ce waɗannan 'ya'yanta ne. Sannan ta zana wani ɗan ɗigo a gefe, ta ja shi cikin layin.

"Jaririn da ta shayar ya zama ɗanta. 'Ya'yan da ta haifa duka 'yan'uwansa ne, babu aure tsakaninsu."

Gwaggo ta ɗaga hannu. "Wanda suka sha tare dai, ko?"

"Dukansu, Gwaggo."

"Har wanda ba a haifa ba a lokacin?"

"Har shi. Na gaba da na baya duk ɗaya ne."

Ajin ya jira ta kira sana'ar wani, kamar yadda ta saba. Ba ta kira ba. Ta zuba wa allon ido har aka tashi, ni kuma na san ɗigon nan, yadinsa na kan teburina.

Daga ranar Gwaggo ta zama ɗaliba ta gaske. Ƙofa take nema, kuma ba ta ɓoye mini ba. Ta ari littattafai wurin Malama, ta sa ni karatu tsakanin kai da kai, har masu ɗinki suka fara yi mini tsiya. Saɓanin malaman nan da take raba wa mutane kyauta, yanzu ita ke bin sa da fitila.

Muka sami ƙofa ta farko: wasu malamai sun ce sai jariri ya sha sau biyar ya ƙoshi. Gwaggo ta yi wata dariya mara daɗi. "Biyar? Wannan ai kafin azahar ta gama da biyar. Watanni na yi ina ba ta." Muka sami ta biyu: sai in shan ya faru cikin shekaru biyun farko. Yarinyar kuwa a lokacin ko cibiyarta ba ta gama warkewa ba. Gwaggo ta ce in juya shafi.

Ta uku ce ta tsayar da mu. Wasu malaman sun ce maganar mace ɗaya ba ta isa alƙali ya hana aure ba, sai dai an fi so a nisanta. Na karanta, na maimaita. Tsohuwa ta rasu, direba bai sani ba, ni kuma ji kawai na yi, ban gani ba.

"Gwaggo, ga ta nan!" na ce. "Littafi ne ya faɗa, ba ni ba. Ki yi shiru kawai. Yaran nan suna son juna, me suka yi?"

Har yau ina ganin duk mai zuciya abin da zai fara faɗa ke nan. Gwaggo ta karɓi littafin ta rufe, ta ɗora a cinya. Washegari ta tare Malama bayan darasi, ta tambaye ta a kaikaice, wai wata mata ce.

Malama ta dube ta ta ce, "Abin da alƙali zai yi na gaya miki. Abin da matar ta sani kuma, ita ta sani."

Muka kamo hanya. Sai da muka kai ƙofar shago Gwaggo ta ce, "Ƙofar nan ta alƙali ce, shi da bai gani ba. Ni a jikina aka yi. In na yi shiru, duk jikan da aka miƙo mini sai na tuna."

Auta ta fara gaya wa. Ranar ce, don rashin sa'a, ya zo gyara fankar. Ya sauke ta, ya kwance fukafukan ya jera a benci, yana ta zuba labarin ɗakin da ya kama. Ta bari ya gama, sannan ta faɗa masa. Ta bango na ji muryarsa.

"Umma, wa ya aike ki makarantar nan? Shekara da shekaru kina zaune lafiya!"

"Lafiya nake zaune, amma a kan kuskure."

"To da kin bar mu a kan kuskuren!"

Ya fita ya bar fankar a warwatse. Ban ga laifinsa ba, kuma Gwaggo ma ba ta gani ba. Ta zauna ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta aika a ce wa Mai Magani ta zo kitso idan ta tashi aiki.

Ta zo da fara'arta, ta zauna a 'yar kujerar. Gwaggo ta ce in zauna a benci, kada in tafi. Ta tsefe kan, ta shafa mai, ta tsaga. A karon farko tun da aka kafa shagon, ta zaune a kujera ta yi shiru, mai kitso ce ke ba da labari. Ta faɗi komai: madarar gwangwani, da labule, da da'irar Malama, har da ƙofar da muka samu ta ƙi shiga. Yarinyar ba ta motsa ba. Ina ganin hawaye na ɗiga a kan siket ɗinta.

Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ina da yawan kuka?"

"Kamar me! Unguwa ba ta barci. Amma kina zuwa hannuna sai ki yi tsit."

"Ina sha da yawa?"

"Kamar za ki cinye ni. Kuma sai kin kama kunnena da hannu ɗaya, in ba haka ba ba za ki sha ba."

"Ba wanda ya taɓa gaya mini yadda nake ina jaririya," ta ce. Sai ta miƙe, ta ja gyale ta rufe kan, rabi kitse rabi tsefe, ta fita.

Aka fasa auren. Unguwa ta yi surutunta ta gaji. Wasu suka ce Gwaggo ta kyauta, wasu suka ce ilimin tsufa ne ya yi mata yawa, wata ma ta ce daga yau duk mai shirin aure ya fara zuwa ya tambayi Gwaggo ko ta taɓa ba shi nono. Auta ya mayar da aikinsa wani titi. Yakan zo gaisuwa, a tsaye, gajeriya. Fukafukan fankar na nan a ƙarƙashin benci, Gwaggo ta hana kowa taɓawa, muna ta fifita da kwali. Mai Magani kuwa ta koma shiga kantinsu ta ƙofar baya. Yadin nata na naɗe na sa a ƙasan durowa, na rasa yadda zan yi da shi.

Gwaggo ba ta fasa makaranta ba. Bencin gaba, hannu a sama, sai dai ta daina kiran sana'ar kowa.

Wata rana da rana tsaka, shagon cike da mata, ana tsakiyar wani saɓanin malamai, sai aka yi sallama. Mai Magani ce. Ta rame kaɗan. Matar da ke kan kujera ta dube ta, ta dubi Gwaggo, ta tashi da kanta ta koma benci. Yarinyar ta zauna, ta zame gyalen. Kan na nan yadda aka bar shi, tsohon kitson ya yi buzu-buzu, ba ta bari kowa ya taɓa ba.

Ta jingina bayanta da gwiwoyin Gwaggo ta ce, "Umma, ƙarasa mini."

Gwaggo ta ɗauki matsefi. Na tsaya a bakin ƙofa har aka gama, kuma daga farko har ƙarshe ba ta ja gashin ko sau ɗaya ba.