Ranar da na ɗauko wa biyola masu ƙwarya

Shekarun baya, wata Asabar da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, mu biyar ne a zauren gidanmu na Tarai: mahaifina, ni, ƙanena, da masu kiɗan ƙwarya biyu.

Ga yadda aka yi. Ƙanena yana karatun kiɗa a Legas, yana koyon biyola, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu da ake ɗorawa a kafaɗa. Mahaifinmu tsohon makaɗin goge ne, rawar hannu ta sa ya ajiye. Ya yanke hukunci: zai saurara sau ɗaya. In kiɗa ne, ƙanena ya koma makaranta. In shirme ne, ya kama gona.

Ni mutum ne mai son tsari, kuma a iya sanina goge ba ya tafiya ba ƙwarya. Don haka na je har Rano na ɗauko mutum biyu, ban gaya wa kowa ba.

Da ƙanena ya gan su sai ya dafe kai. “Yaya, wannan kiɗan na mutum ɗaya ne. Haka aka rubuta shi.”

Na ce, “Kiɗa ne ko sallar nafila? Fara.”

Ya fara. Da farko wata murya ce mai kauri, a hankali, kamar saniya na kiran ɗanta daga nesa. Masu ƙwarya suka nemi inda za su shiga, suka rasa. Ɗaya ya buga sau biyu, ya dube ni, ya ce, “Malam, abin nan ba shi da ƙofa.” Baba ya ɗaga hannu. Suka kife ƙorensu.

Daga nan muryar ta hau sama, ta sirance. Sai na ji muryoyi biyu suna fitowa tare daga katako ɗaya, ɗaya na kuka, ɗaya na rarrashi. Can sai shiru. Na buɗe baki zan ce madalla, Baba ya danne mini gwiwa. Ashe shirun ma a rubuce yake. Ƙanena ya ja izga a kan tsirkiya sau ɗaya, doguwa, ya sauke.

Sannan Baba ya ce, “Wanda ya shirya wannan ya yi rashi.”

Ƙanena ya ce, “Mace ce, Baba, tana nan da rai a ƙasarsu. Mahaifiyarta ce ta rasu.”

Baba ya karɓi izgar, ya shinshina ƙaron da ke jikinta, ya mayar masa. “Jibi ka koma.”

Har yau ina mamakin yadda tsohon da bai taɓa wuce Kano ba ya ji makokin matar da bai san yarenta ba, ni kuwa ina zaune ina jiran ƙwarya.

Baba ya rasu bara. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Kuma ranar da naka ya zo da abin da ba ka sani ba, don Allah ka zauna ka ji har ƙarshe.